Shin Ko Kun San? Aure da Karatu a Ƙasar Sin da Amurka

Labarin Sin da Amurka da ke zuwa kunnenmu kullum na ciniki ne da makamai. Amma mai son sanin mutanen ƙasashen biyu sai ya leƙa wurin bikinsu da ajin 'ya'yansu, ya tambaya: wa ke yanke shawara, wa ke biya, wa ke ɗaukar nauyi in abu ya lalace? A Sin amsar galibi dangi ne. A Amurka galibi mutum ne shi kaɗai.

Neman aure

Shin ko kun san a birnin Shanghai akwai kasuwar neman aure da ke ci duk Asabar da Lahadi a Lambun Jama'a? Iyaye da kakanni ne ke cika ta. Uwa za ta buɗe lema ta ajiye a ƙasa, ta manna takarda a kai: shekarar haihuwa, tsayi, digiri, albashi, gida da mota in akwai, da garin da aka yi wa ɗanta rajistar zama. Galibi babu suna, babu hoto. Wata uwar ta tsaya ta karanta, in ya kwanta mata sai a yi musayar lambar waya. Sau da yawa wanda ake nema wa auren bai ma san an fita dominsa ba.

Shin ko kun san a Amurka intanet ce ta zama babbar mai haɗa aure? Binciken Michael Rosenfeld na Jami'ar Stanford ya nuna cewa a 2017, kashi 39 cikin 100 na maza da matan da suka ƙulla soyayya ta nan suka haɗu, fiye da waɗanda abokai ko 'yan uwa suka haɗa. Har yanzu wasu samari kan je neman albarkar mahaifin yarinya, amma girmamawa ce kawai, don su biyun sun riga sun gama magana.

Shin ko kun san yawancin makarantun sakandare a Sin na ɗaukar soyayya a matsayin laifi? Malami kan kira iyaye in ya ga alama, don a ganinsu tana cinye lokacin karatu. Sai a 2005 Ma'aikatar Ilimi ta cire takunkumin da ke kan auren ɗaliban jami'a. A Amurka kuwa makarantar da kanta ke shirya liyafar rawa ta ƙarshen shekara, saurayi ya sa kwat ya je ya ɗauko budurwa a gidansu, iyaye na ɗaukar hoto. Amma da zarar ɗan Sin ya kammala digiri, iyayen da suka hana shi jiya su ne za su tsare shi da tambayar yaushe ne auren. Matsin kan yi tsanani a bikin Sabuwar Shekara, lokacin da kowa ke komawa gida, har wasu kan yi hayar saurayi ko budurwa na 'yan kwanaki don a sarara musu.

Doka da kuɗi

Shin ko kun san a Sin namiji ba ya aure sai ya cika shekara 22, mace kuma 20? Dokar 1980 ce ta kafa haka, kuma tana cikin mafi tsauri a duniya. A Amurka kowace jiha da tata dokar: yawanci 18, Nebraska 19, Mississippi 21. Sai dai a aikace Amurkawa sun daɗe da wuce nan. A 1956 matsakaicin shekarun auren fari 22 da rabi ne ga namiji, 20 ga mace; yau ya koma wajen 30 da 28.

Shin ko kun san dokar aure na cikin dokokin farko da gwamnatin Shugaba Mao ta Sin ta kafa? A watan Mayun 1950 ta haramta auren dole, da ba da yarinya tun tana ƙarama, da ajiye ƙwarƙwara. Duk da haka hannun manya bai fita ba. Har zuwa 2003 sai mutum ya kawo wasiƙa daga wurin aikinsa kafin a yi masa rajistar aure. Har zuwa Mayun 2025 kuma sai ya kawo littafin rajistar iyali, wanda a gidaje da yawa yana cikin akwatin uwa, don haka in ba ta son auren sai ta ƙi fito da shi. A Las Vegas ta Amurka, mutum biyu kan karɓi lasisi su ɗaura aure a rana guda, da katin shaida a hannu, ba tare da wani nasu ya sani ba.

Shin ko kun san a Sin dangin ango ke zuba kuɗi, a al'adar Amurka kuma iyayen amarya ke ɗaukar nauyin biki? Kuɗin da ake kai wa gidan amarya a Sin, wanda suke kira caili, yakan kai yuan 188,000 ko 288,000 a wasu yankunan karkara, musamman lardin Jiangxi, ban da gida da mota. Duk wanda ya taɓa haɗa lefe zai gane irin wannan nauyi. Rigimar ta yi yawa har Kotun Ƙolin ƙasar ta fitar da ƙa'idojin da suka fara aiki a Fabrairun 2024 kan yadda za a mayar da kuɗin in aure bai daɗe ba. Sayen gidan kuwa, Sinawa kan ce sai an zazzage jaka shida: na iyaye da kakanni.

Shin ko kun san abin da ya tsadar da auren? Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga wajen 1980 zuwa ƙarshen 2015, ta haɗu da tsohuwar al'adar fifita ɗa namiji, shi da zai riƙe sunan gida ya kula da iyaye. Ƙidayar 2010 ta sami jarirai maza 118 a kan kowace mata 100. Waɗanda abin ya fi ci su ne samarin ƙauye marasa hali, don 'yan matan sun tafi birni aiki, can kuma suke aure.

Ranar biki da bayanta

Shin ko kun san fari a al'adar Sin launin makoki ne? Amaryarsu ja take sawa, alamar farin ciki da arziki. Farar rigar Amurkawa kuwa ta bazu ne bayan Sarauniya Victoria ta Ingila ta sa irinta a 1840. Yau amaryar Sin kan sa duka biyun a rana ɗaya.

Shin ko kun san ƙashin bayan bikin Sinawa shi ne miƙa shayi? Ango da amarya su durƙusa gaban iyaye, su miƙa kofi da hannu biyu, daga babba zuwa ƙarami. A nan amarya ke fara kiran surukanta Baba da Mama, su kuma su ba ta jar ambulan mai kuɗi ko awarwaron zinariya. A ƙofar wurin walima wani ɗan uwa na zaune da littafi yana rubuta abin da kowane baƙo ya kawo, don ranar nasa bikin a mayar masa da kwatankwacinsa. A bikin Amurkawa kuwa idon kowa na kan mutum biyu: uba ya rako 'yarsa ya koma ya zauna, su kuma su yi wa juna alkawari da bakinsu. Kyauta ma su ke rubuta jerin abin da suke so, baƙi su zaɓa su saya.

Shin ko kun san matar Sin ba ta sauya sunan gidansu bayan aure? A Amurka, cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2023 cewa kashi 79 cikin 100 na matan aure sun ɗauki sunan miji.

Shin ko kun san maijego a Sin kan yi wata guda ba ta fita? Tana guje wa ruwan sanyi da iska, tana shan romon kaza da citta, uwarta ko surukarta na kanta. Masu hali su ɗauki ƙwararriyar mai reno. Dokar ƙasa ta ba ta hutun kwana 98 da albashi, larduna da yawa sun ƙara zuwa 158. A Amurka dokar tarayya ta 1993 ta ba da mako 12 ne, babu albashi, kuma ba kowace ma'aikaciya ta shafa ba. Bayan jego ma, kakanni a Sin kan baro garinsu su tare a gidan 'ya'yansu don renon jika, alhali iyayen Amurka da yawa gidan raino suke biya.

Shin ko kun san tun Yulin 2013 dokar Sin ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar tsofaffin iyayensu a kai a kai, har uwa na iya kai ɗanta ƙara? Tushen abin koyarwar malamin falsafa Konfushiyas ce ta biyayya ga iyaye, mai shekara kusan 2,500. Tsohon Ba'amurke kuwa yakan yi alfahari da cewa bai zame wa 'ya'yansa kaya ba, yana dogara da fanshonsa da tsarin tallafin tsofaffi da aka kafa a 1935.

Shin ko kun san ƙasashen biyu sun bi hanyoyi mabambanta kan saki? A Amurka, jihar Kalifoniya ce ta fara halatta rabuwa ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba, da sa hannun Gwamna Ronald Reagan a 1969. New York ta zo ƙarshe a 2010. Sin kuwa daga Janairun 2021 ta sa wa'adin kwana 30 na hucewa, wanda a cikinsa ɗaya daga ma'auratan na iya janye takardar. Mata da yawa sun koka cewa wa'adin na iya tsare wadda ake cuta a gidan da take son tserewa.

Shin ko kun san auren kansa na ja da baya a duka biyun? A Sin an yi rajistar aure miliyan 13.47 a 2013; a 2024 miliyan 6.1 kacal. A Amurka, Pew ta ruwaito a 2019 cewa kashi 59 cikin 100 na masu shekara 18 zuwa 44 sun taɓa zaman tare ba aure, waɗanda suka taɓa aure kuwa kashi 50 ne. Kusan jarirai 40 cikin 100 a can ana haifarsu ne ba tare da iyayen sun yi aure ba, abin da har yanzu ba kasafai ake gani a Sin ba.

Jarrabawa da shiga jami'a

Shin ko kun san Sin ta shafe shekara kusan 1,300 tana zaɓen ma'aikatan fada ta hanyar jarrabawa? An fara a zamanin daular Sui, aka soke a 1905. A Nanjing filin jarrabawar na da ƙananan ɗakuna sama da 20,000, kowane ɗalibi da nasa, a ciki zai ci ya kwana ya yi rubutu na kwanaki. Ɗan manomi da ya ci yakan ɗaga danginsa gaba ɗaya. Daga nan Sinawa suka gaji imanin cewa karatun yaro jarin gida ne.

Shin ko kun san magajiyar wannan jarrabawa, gaokao, ita ce ƙofar shiga jami'a kusan ɗaya tilo? An dakatar da ita a 1966 lokacin Juyin Al'adu, jagoran Sin Deng Xiaoping ya dawo da ita a 1977: mutum miliyan 5.7 suka zauna, kusan 270,000 suka sami gurbi. A 2024 mutum miliyan 13.42 suka yi rajista. Ana farawa 7 ga Yuni, sau ɗaya a shekara, kuma a yawancin larduna jimillar maki 750 ce. Harshen Sin, lissafi da harshen waje wajibi ne ga kowa.

Shin ko kun san gari kan yi tsit a ranakun? Ana dakatar da gine-gine kusa da cibiyoyin jarrabawa, a hana direbobi danna hon, ɗan sanda ya goya ɗalibin da ya makara a babur. Iyaye mata na tsaye a bakin ƙofa cikin rana, wasu sanye da doguwar rigar gargajiya don fatan nasara, wasu riƙe da furanni. Tun 2015 kuma shirya satar amsa laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari har shekara 7.

Shin ko kun san a Amurka babu jarrabawa ɗaya da ke yanke makomar yaro? Akwai SAT, wadda aka fara a 1926, amma ana iya maimaita ta sau da dama a shekara. Manyan jami'o'i na duba makin aji na shekara huɗu, da wasiƙun malamai, da wasanni, da aikin sa kai, da rubutun da yaro zai yi kan rayuwarsa. Kowane tsari da inda yake ciwo. Na Amurka na ba ɗan mai kuɗi da ɗan tsohon ɗalibi dama, kamar yadda badaƙalar cin hancin shiga jami'a ta 2019 ta tona. A 2023 Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ba da gurbi, a shari'ar da aka kai Jami'ar Harvard da sunan ɗalibai 'yan asalin Asiya. Na Sin kuwa lardi-lardi ake raba gurabe, don haka ɗan Beijing ya fi ɗan lardin Henan sauƙin shiga Jami'ar Peking, kuma 'ya'yan 'yan ci-rani da yawa sai sun koma lardin iyayensu kafin su zauna jarrabawar.

Cikin aji

Shin ko kun san Amurka ba ta da manhaja ɗaya ta ƙasa? Jihohi da gundumomin makaranta kusan 13,000 ke tafiyar da ilimi, kuma kaso mai tsoka na kuɗin daga harajin gidaje yake fitowa, don haka unguwar masu kuɗi ke da makaranta mai kyau. A Sin gwamnatin tsakiya ke tsara manhaja, kuma karatun shekara 9 wajibi ne tun 1986. Amma a nan ƙasashen sun yi kama: a Beijing ma iyaye kan sayi tsohon ƙaramin ɗaki da tsadar gaske don kawai adireshinsa na cikin yankin makarantar da ake rububi.

Shin ko kun san ajin Sin kan miƙe tsaye ya gaida malami da murya ɗaya? Yara 40 zuwa 50 na zaune a ɗaki ɗaya duk yini, malamai ne ke zagayowa, kuma akwai uban aji da ke bin halin kowane yaro har gida. Ana motsa jiki tare, ana tausar gefen ido da yatsu bisa umarnin lasifika, bayan abincin rana a kifa kai a kan tebur a ɗan runtsa. A sakandaren Amurka ɗalibi ke bin malamai ɗaki-ɗaki da darussan da ya zaɓa, kuma ja-in-ja da malami cikin ladabi na ƙara masa maki.

Shin ko kun san iyayen ƙasashen biyu sun saɓa kan dalilin faɗuwar yaro? Masu bincike Harold Stevenson da James Stigler, a littafinsu na 1992, sun nuna cewa iyaye mata a Sin da Japan sun fi danganta nasara da ƙoƙari, na Amurka kuma sun fi ba baiwa muhimmanci. Sun kuma gano iyayen Amurka sun fi gamsuwa da makarantunsu, duk da 'ya'yansu na baya a lissafi. A gwajin ƙasa da ƙasa na PISA na 2018, yankunan Beijing, Shanghai, Jiangsu da Zhejiang sun sami maki 591 a lissafi, Amurka 478, sai dai waɗannan huɗun na cikin mafi arziki a Sin.

Shin ko kun san gwamnatin Sin da kanta ta ga nauyin ya yi wa yara yawa? A Yulin 2021 ta hana kamfanoni cin riba da lesin na manyan darussa, ta hana rubutaccen aikin gida ga 'yan aji 1 da 2, ta kayyade minti 60 ga sauran 'yan firamare, 90 ga ƙaramar sakandare. Wata guda bayan haka ta taƙaita wasan bidiyo na intanet ga yara zuwa awa 3 a mako. Amma muddin gaokao na nan, masu hali na ɗaukar malami a ɓoye. A Amurka kuwa iyaye na da ikon cire yaro daga makaranta su koyar da shi a gida, a duka jihohi 50.

Shin ko kun san wa ke biyan kuɗin jami'a? A jami'ar gwamnati a Sin kuɗin shekara wajen yuan 5,000 zuwa 6,000 ne, kuma iyaye ke biya. A Amurka mutum kusan miliyan 43 ke ɗauke da bashin karatu na gwamnatin tarayya, sama da dala tiriliyan 1.6, kuma bashin na cikin abubuwan da ke sa matasa jinkirta aure da sayen gida.

Inda hanyoyin suka haɗu

Shin ko kun san ɗan Sin na farko da ya kammala jami'a a Amurka shi ne Yung Wing, a Jami'ar Yale, a 1854? Ba'amurkiya ya aura. Shi ya shawo kan fada ta tura yara 120 karatu Amurka daga 1872, amma a 1881 aka janye su saboda an ga sun fara ɗaukar ɗabi'un can. Cikinsu akwai Zhan Tianyou, wanda ya gina layin dogo daga Beijing zuwa Zhangjiakou. Jami'ar Tsinghua ma an kafa ta a 1911 da kuɗin diyyar yaƙi da Amurka ta mayar wa Sin.

Shin ko kun san Hu Shih, wanda ya yi karatu a jami'o'in Cornell da Columbia, ya zama ɗaya daga jagororin masu kiran zamanantar da Sin, ya dawo gida a 1917 ya auri Jiang Dongxiu, matar da mahaifiyarsa ta zaɓa masa tun yana yaro? Daga baya ya zama jakadan ƙasarsa a Amurka, kuma auren bai mutu ba har rasuwarsa a 1962.

Shin ko kun san har yau hanyar ba ta rufe ba? A zangon 2019 zuwa 2020 ɗaliban Sin a Amurka sun kai wajen 372,000. Zuwa zangon 2023 zuwa 2024 sun ragu zuwa wajen 277,000, Indiya ta shiga gaba, Najeriya kuma na matsayi na 7 da ɗalibai wajen 20,000.

Kowace ƙasa na biyan farashin abin da ta zaɓa. Ɗan Sin ba ya rasa mai tallafa masa, amma duk wanda ya zuba kuɗi yana da ta cewa kan karatunsa da matarsa. Ba'amurke na da zaɓinsa a hannu, amma bashi da kaɗaici ma nasa ne. Abin da ya fi damuna shi ne matasan ƙasashen biyu, ta hanyoyi daban, sun iso wuri ɗaya: karatu ya yi tsada, aure ya yi nauyi, da yawa sun ɗage shi ko sun haƙura. Iyayen da ke son ganin jikoki sai su tsaya wa 'ya'yansu kamar yadda Sinawa ke yi, su saurari ra'ayinsu kamar yadda Amurkawa ke yi, su kuma rage kuɗin da suke ɗora wa mai neman aure.